Abin da ke sa kare faɗuwa yana shure-shure sannan ya miƙe garau

Masu kiwon karnuka, musamman makiyaya da mafarauta da masu ajiye su don gadi, kan gamu da wani lamari mai ɗaure kai. Kare yana zaune lafiya sai ya yanke jiki ya faɗi, ya sanƙare, yana shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa. Bayan minti ɗaya ko biyu sai ya miƙe, ya ɗan yi tangaɗi, ya koma cin abinci kamar babu abin da ya faru. Akan ɗauki makonni kafin abin ya sake dawowa.

Wasu na ganin kumfa sai su yanke hukuncin cewa hauka ne, su kashe dabbar nan take. Wasu kuma su yi biris tunda ta warware. Duka biyun na da haɗari, domin alamun da ke zuwa su tafi sau da yawa na nuni da matsala a ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi, kuma a cikin musabbabansu akwai wanda ke kashe ɗan'adam.

Farfaɗiya

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na aika wa juna saƙo ne ta hanyar ɗan ƙaramin lantarki. Idan tarin ƙwayoyin suka saki saƙo lokaci guda ba bisa tsari ba, sai jiki ya kama jijjiga. Wannan ita ce farfaɗiya, kuma tana cikin cututtukan jijiyoyi da suka fi addabar karnuka. Nau'in da ba a gano masa wani rauni a ƙwaƙwalwa yakan fara ne tsakanin wata 6 zuwa shekara 6 da haihuwa, kuma gado na da hannu a ciki.

Ba kullum take kayar da kare ba. Idan ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa abin ya shafa, za a ga gefen fuska na rawa, ko kare ya ƙura wa wuri guda ido, ko ya riƙa cafkar iska kamar mai kama ƙuda. Bayan ta sake shi yakan rikice na ɗan lokaci, ya kasa gane mai shi, har ya riƙa karo da bango.

Lokacin da matsalar ba daga ƙwaƙwalwa ta faro ba

Ƙwaƙwalwa na dogara da jini, don haka duk abin da ya gurɓata jini kan taɓa ta. Ƙarancin sukari na kayar da 'yan kwikwiyo, haka ma karen farauta da ya wuni yana gudu da yunwa. Karyar da ke shayarwa kan kama karkarwa idan sinadarin kalsiyam ya yi ƙasa a jikinta, galibi a makonnin farko bayan haihuwa. Idan hanta ta gaza tace guba, kare kan rikice jim kaɗan bayan cin abinci, daga baya ya dawo daidai. Ciwon zuciya kuwa na sa suma lokacin gudu ko zumuɗi, amma mai irin wannan suma yakan saki jiki ne, ya farfaɗo cikin daƙiƙoƙi.

Akwai kuma guba. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya, wanda wasu ke shafa wa kare don kashe kaska, na ratsa fata ya jawo dalala da amai da zawo da jijjiga. Allurar tsutsa ta shanu da aka yi wa kare fiye da kima ita ma tana iya makantar da shi ko ta kwantar da shi.

Cututtuka masu kai wa ƙwaƙwalwa hari

Cutar distemfa ta fi kama karnukan da ba a yi wa rigakafi ba. Tana farawa da zazzaɓi da majina da kwantsa da tari, kare ya yi kamar ya warke, sai bayan makonni a ga wata tsoka na bugawa ba ƙaƙƙautawa, ko baki na motsi kamar mai taunar cingam. Ba ta kama mutane. Cututtukan da kaska ke yaɗawa, da sammore da ƙudan tsando ke ɗauka, su ma suna kawo zazzaɓi mai zuwa ya tafi, kuma sukan kai ga ƙwaƙwalwa. A tsohon kare da bai taɓa jijjiga ba, likitoci kan yi zargin ƙari. Karkatar kai gefe guda da kewaya wuri ɗaya kuwa sau da yawa daga ciwon cikin kunne suke.

Bambancinsu da ciwon hauka

Ciwon haukan kare ba ya lafawa. Da zarar alamunsa sun bayyana, kullum gaba yake yi, kuma kare kan mutu cikin kimanin kwana 10. Saboda haka karen da ya shafe watanni yana faɗuwa yana tashi, da wuya a ce haukan ne. Sai dai a karon farko babu mai iya tantancewa da ido. Canjin hali kwatsam, cizon duk abin da ya gifta, sakin muƙamuƙi, kasa haɗiya da sauyin haushi, alamu ne da ke wajabta killace kare nan take.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma karnuka ne silar kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa. Duk wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, kada ya jira ganin makomar karen. Idan karen ya mutu, a sanar da ofishin likitan dabbobi domin a tura samfurin ƙwaƙwalwarsa ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Abin da ya kamata mai kare ya yi

Yayin da kare ke jijjiga, a janye yara, a kawar da wuta da abubuwa masu kaifi. Kada a sa masa hannu a baki, domin ba ya haɗiye harshensa, kuma zai iya cizo ba da saninsa ba. Kada a ɗura masa manja ko madara, za su iya sauka cikin huhu.

A duba agogo, a kuma ɗauki bidiyo da waya, domin kafin a isa asibiti kare ya dawo garau, likita ba zai ga komai ba. A rubuta rana da lokaci, da abin da ya ci, da duk maganin da aka ba shi. Jijjigar da ta wuce minti 5, ko ta maimaitu cikin sa'o'i 24, tana buƙatar taimakon gaggawa.

Likita kan fara da gwajin jini kafin ya ambaci farfaɗiya. Asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Ibadan da Nsukka na karɓar irin waɗannan matsaloli. Ba a warkar da farfaɗiya, amma magani irin fenobabital na rage ta sosai, muddin ba a dakatar da shi kwatsam ba. Magungunan mutane irin su ibufurofen kuwa guba ne ga kare.

Rigakafin distemfa na farawa tun kwikwiyo na da mako 6 zuwa 8, na ciwon hauka kuma daga wata 3, sannan a riƙa sabunta shi kamar yadda likita ya tsara. Karen da ke da katin rigakafi shi ne likita ya fi saurin gano ciwonsa, kuma shi ne hankalin maƙwabta ya fi kwanciya da shi ranar da ya faɗi.