Masu Gadin Ƙofar Bitcoin

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, kuma Jibiya na cikinsu. A can Jibiya, daga Magama har Mazanya, mai POS ya ajiye na'urarsa, mai tura kuɗi ta waya ya koma cusa tsaba a aljihu, sai fa wanda wayarsa ta yi sa'ar kamo sabis ɗin Nijar daga tsallake. A farkon shekarar kuma, ranar 5 ga Fabrairu, Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kuɗin kirifto. Samarin da ke harkar suna da amsa guda da ba sa gajiya da ita: wai Bitcoin ba shi da shugaba, ba shi da ofis, don haka babu mai iya rufe shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma an rage wani abu. Tsarin yana da ƙofar shiga, kuma waɗanda ke gadinta ba su kai goma ba.

Bitcoin dai kundin lissafi ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa a sassan duniya. Kowace daga cikinsu ana ce mata nod. Idan wani ya tura kuɗi, nod ɗin da ta fara ji sai ta gaya wa maƙwabtanta, su ma su gaya wa nasu, har labarin ya game ko'ina. Manhajar Bitcoin Core, wadda akasarin nod ke amfani da ita, takan nemi maƙwabta 10 da kanta: 8 da take musayar komai da su, 2 kuma sababbin shafukan kundin kaɗai. To amma kwamfutar da aka kunna yau ba ta san kowa ba. Adireshin farko, wa zai ba ta?

Satoshi Nakamoto, da ya saki manhajar a Janairun 2009, ya yi wata dabara mai ban dariya idan aka dube ta yanzu. Kowace kwamfuta takan shiga wani zauren hira na IRC, ta sa adireshinta a matsayin laƙabi, ta karanta laƙaban sauran, ta bi su. Da jama'a suka yi yawa sai zauren ya zama ƙarfen ƙafa, domin duk wanda ya toshe shi ya toshe baƙi. A 2011 aka shigo da wata hanya ta DNS, a 2013 aka cire IRC ɗungurungum.

DNS tsohon tsari ne, Paul Mockapetris ya ƙirƙiro shi a 1983, kuma shi ke juya sunan shafi zuwa lambobin adireshi duk lokacin da ka buɗe intanet. Masu gina Bitcoin sai suka ɗora kayansu a bayansa. An rubuta wasu sunaye a cikin manhajar, irin su seed.bitcoin.sipa.be na Pieter Wuille da dnsseed.bluematt.me na Matt Corallo. Idan sabuwar nod ta tambayi ɗaya daga cikinsu, ba adireshin shafi za a ba ta ba, za a watso mata adireshin nod wajen ashirin da ke raye a lokacin, kuma gobe idan ta sake tambaya wasu daban za ta samu. Wannan ita ce sabar iri. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne a tashar Jibiya: ba shi da mota, ba ya tuƙi, ba shi zai kai ka Maraɗi ba, amma baƙon da ya sauka da jakarsa motar da aka nuna masa zai shiga.

Kayan aikin ba wasu masu tsada ba ne. Kana buƙatar sunan yanki na intanet da ka mallaka, da saba ta haya mai adireshin da ba ya canzawa, da ƙofa mai lamba 53 a buɗe, domin ta nan tambayoyin DNS ke shigowa. Sai ka rubuta a rajistar yankinka cewa duk mai neman suna kaza a turo shi wurin sabarka. Manhajar da aka fi sani, bitcoin-seeder, Wuille ne ya rubuta ta, kuma kyauta ce. Abin da take yi dare da rana shi ne yawon ƙwanƙwasa ƙofofi. Takan je wa nod ta ƙofa mai lamba 8333, su gaisa, ta ji wane zubin manhaja take ɗauke da shi da kuma inda ta kai a kundin, sannan ta ce: su wa kika sani? Adireshin da aka ba ta su ma ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowace nod tana da maki: sau nawa aka same ta a farke cikin sa'o'i biyu, cikin yini, cikin mako, cikin wata. Mai yawan ɓacewa ba a miƙa ta ga baƙo.

Wahalar tana wajen amana. A 2015 Ethan Heilman da Alison Kendler da Aviv Zohar da Sharon Goldberg suka wallafa bincike kan yadda za a iya yi wa nod ƙawanya, a kewaye ta da kwamfutocin mutum guda har ya zama ba ta jin kowa sai shi. Wanda aka yi wa haka ana iya ɓoye masa sababbin shafuka, a nuna masa an biya shi, ya saki kaya, daga baya kuɗin su bi ruwa. Mai sabar iri da ya lalace yana zaune daidai inda irin wannan ƙawanyar za ta fi sauƙin farawa. Shi ya sa Bitcoin Core ke da rubutattun sharuɗɗa ga masu wannan aiki. Kada ka sayar da sabar ko ka miƙa ta ga wani. Adireshin da za ka bayar su zama na nod masu aiki da aka zaɓo ba tare da son rai ba. Kada ka tara bayanan masu tambaya fiye da abin da aikin ke buƙata, kada kuma ka ba wani. Babu albashi, babu kotun da za ta hukunta ka. Abin da za a iya yi maka shi ne a goge sunanka a zubi na gaba.

Kada dai a zuzuta ikonsu. Mai sabar iri ba zai iya ƙirƙiro kuɗi ba, ba zai iya sa hannu a madadin kowa ba, domin nod tana tantance kowane shafi da kanta, kuma maƙwabci ɗaya mai gaskiya ya isa ya tona asirin sauran. Nod da ta kwana biyu tana aiki ma tana da nata littafin adireshi, peers.dat, sai ta rasa kowa take komawa ga iri. Idan DNS ɗin ya ƙi, akwai jerin adireshi da aka dasa a cikin manhajar, kuma kana iya rubuta na abokinka da hannu.

Shin yaron Mazanya da ya iya kwamfuta zai iya wannan aiki? Zai iya, domin sabar ba a ɗakinsa za ta zauna ba, hayarta zai yi a wata cibiya ya riƙa biya da dala. Sai dai ni a ganina ba nan giɓinmu yake ba. Iri abin da ya tarar yake faɗa, kuma nod ɗin da ake iya ƙwanƙwasa wa ƙofa sun fi yawa a Amurka da Jamus. Layin waya irin namu yakan cusa mutane da yawa a bayan adireshi guda, don haka nod ɗinka za ta iya kiran wasu, amma ba mai iya kiranta. Ga kundin ya haura gigabait 600, wanda dole a sauke shi a karon farko, ga wutar da ba ta da alƙawari. Ranar da aka kashe sabis kuwa, kamar a 2021, da mai iri da marar iri duk ɗaya ne.

Ban da haka, yawancin masu kirifto a nan ba sa bi ta wannan ƙofar sam. Ɗan kasuwar da ke tsakanin naira da sefa, wanda ya ga an rufe iyakar Nijar a Agustan 2019 aka sake rufewa a Agustan 2023, abin da ke damunsa shi ne kada jarinsa ya narke, don haka USDT, kirifton da ke bin darajar dala, yake saya a manhajar wani kamfani. Lissafinsa a littafin kamfanin yake. Da Binance, ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, ta daina hulɗa da naira a Maris na 2024, babu sabar irin da ta amfane shi da komai.

Inda sanin zai yi wa mai saye rana shi ne ƙananan sulallan da ake tallatawa a WhatsApp da Telegram da kirarin ba su da ubangida. Wasunsu an kwafo su ne daga manhajar Bitcoin, aka cire sunayen iri aka sa ɗaya ko biyu na wanda ya ƙirƙiro su. Ranar da ya gaji ya daina biyan kuɗin yankin, sabuwar kwamfuta za ta yi ta lalube ba ta samu kowa ba. Jerin sunayen yana cikin wani fayil mai suna chainparams.cpp, a buɗe yake a GitHub, kuma ƙirga su ba ya cin minti biyar.