Daga Bakin Buta Zuwa Zuciya

Shirinmu na musamman na yau daga bakin buta zai fara.

Duk wanda ya taɓa alwalar asuba a zangon Bawku cikin watan Janairu, hunturu na kaɗawa, ya san yadda ruwan da ya kwana a tsakar gida yake yi wa fuska. Numfashi ya ɗan tsaya, barci ya watse. Abin da mai alwala ba ya ji shi ne, a daidai wannan lokaci zuciyarsa tana rage gudu.

Ga yadda abin yake. A goshi da kumatu da gefen hanci akwai jijiyoyi masu saurin jin sanyi. Da ruwa ya taɓa su sai su kai labari ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci wata doguwar jijiya da likitoci ke kira bagus, wadda ta sauko ta wuya har ƙirji, ta ja wa zuciya linzami.

To, a nan nake so ku ba ni aron kunnuwanku. Zuciyar baligi mai lafiya, in yana hutawa, takan buga sau 60 zuwa 100 a minti, amma ba kamar agogo ba. In ka shaƙi iska sai ta ɗan ƙara sauri, in ka fitar sai ta lafa, tamkar makaɗin kalangu da ke bin ƙafar mai rawa. Wannan bambancin tazara tsakanin bugu da bugu ana auna shi da na'ura, kuma yawansa alama ce ta jikin da ya natsu. Gajiya, zazzaɓi, damuwa da rashin barci duk suna rage shi. Masu bincike sun lura cewa waɗanda bambancin nasu ke da yawa sukan fi iya tattara hankali a kan aiki.

Sai dai wanke fuska daban, tsoma jiki gaba ɗaya cikin ruwan sanyi daban. Farfesa Michael Tipton na Jami'ar Portsmouth a Ingila ya daɗe yana nazarin abin da ke samun wanda ya faɗa ruwan da ɗuminsa bai kai digiri 15 ba: haki, hauhawar jini, zuciya ta zabura. A 2012 shi da abokin aikinsa Michael Shattock sun yi bayanin haɗarin da ke tattare da umarni biyu masu karo da juna, fuska na cewa a sassauta, fata na cewa a ƙara wuta. A irin wannan ruɗani bugun zuciya kan iya rikicewa.

Ruwan rijiyoyinmu ba ya kai wannan sanyi. Ko a Salaga, garin da ake wa kirari da mai rijiya dubu, inda har yau ake nuna Wankan Bayi, wurin da a da ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa, ruwan da guga ke jawowa da ɗuminsa yake fitowa. Amma bokitin da ya kwana a waje cikin hunturu, ina roƙon ku, a sirka shi da ruwan zafi kafin Baba ko Inna su shiga wanka, musamman masu hawan jini.

Mu nufi Yendi, fadar sarkin da ake kira Ya Na, a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. A nan ba sanyi ne abin tsoro ba, gumi ne. Mutum in ya yi asarar ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato lita ɗaya da 'yan kai ga mai kilo 60, jini kan ragu, zuciya ta ƙara gudu, kai ya yi nauyi, lissafi ya fara kuɓuce masa. Ni dai a wannan yanayi ban ga kamar randa ba. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, busasshiyar iska na ɗauke shi tare da zafi, na ciki ya yi sanyi daidai maƙogwaro, ba tare da ko sisin wutar lantarki ba. Kuma mutum ya fi shan ruwa da yawa in da ɗan sanyinsa.

'Yan makaranta kuwa, ku da kuke tsoma ƙafa cikin bokitin ruwan sanyi don ku raba dare kuna haddar jarrabawa, dabarar tana buɗe ido, ban musa ba, amma na ɗan lokaci ne. Abin da kuka karanta, cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana shi. Ku wanke fuska, ku sha kofi biyu daga randa, ku yi karatun da za ku iya, in gyangyaɗi ya dawo ku rufe littafi ku kwanta.

A nan za mu dasa aya. Sai Allah ya sake haɗa mu.