Matsalolin da kan biyo bayan tiyatar afendis ta lafaroskofi

Tiyatar afendis ta lafaroskofi hanya ce ta cire afendis ba tare da an yi babban yanka a ciki ba. Afendis wani ɗan siririn reshe ne da ke maƙale a farkon babban hanji, a ƙasan ciki ta ɓangaren dama. Likita kan huda ƙananan kafofi, galibi guda uku, ya hura iskar kabon dayoksaid domin ciki ya buɗe, sannan ya zura kyamara da kayan aiki. Likitan mata ɗan ƙasar Jamus, Kurt Semm, shi ne ya fara yin wannan aiki a birnin Kiel a shekarar 1980. Mafi yawan marasa lafiya suna warkewa lafiya, amma da yake raunin waje ƙarami ne, yana iya warkewa alhali matsala tana ɓoye a cikin ciki.

Abubuwan da aka saba gani

Ciwon kafaɗa, musamman ta dama, yakan zo a kwanakin farko. Ragowar iskar da aka hura ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyar wurin kuma tana kai saƙon ciwon zuwa kafaɗa. Haka nan akan samu kumburin ciki, tashin zuciya daga maganin barci, da ɗan zafi a bakin kafofin. Waɗannan sukan lafa da kansu cikin 'yan kwanaki.

Taruwar mugunya a ciki

Wannan na daga cikin manyan matsalolin da likitoci ke sa wa ido. Ta fi aukuwa idan afendis ya riga ya fashe ko ya ruɓe kafin a yi aikin, domin ƙwayoyin cuta sun bazu cikin ciki. Sau da yawa mara lafiya yakan ji sauƙi, har a sallame shi, sai bayan kamar mako guda zazzaɓi da ciwon ciki su dawo. Idan mugunyar ta taru a ƙasan mara, tana iya jawo gudawa ko yawan jin fitsari. Ana gano ta ta hanyar gwajin jini da hoton ciki. Ƙarama takan baje da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, babba kuwa sai an zura siririn bututu an zuƙe ta, wani lokaci ma a sake tiyata.

A ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro da taifod suka yawaita, kamar Najeriya da Nijar, akwai haɗarin a ɗauki irin wannan zazzaɓi a matsayin ɗayansu, a yi ta shan magani a gida har cutar ta yi nisa.

Sauran matsaloli

Bakin kafa yana iya kamuwa da ƙwayoyin cuta, ya yi ja ya fitar da ruwa, ko da yake hakan ya fi yawa a tiyatar babban yanka. Jini na iya zuba daga jijiyar da ke ciyar da afendis idan ɗaurinta ya kwance. Kayan aiki na iya raunata hanji ko mafitsara yayin shigar da su. Hanji kan yi sanyin aiki na ɗan lokaci, mutum ya kasa fitar da iska ko bayan gida. Doguwar kwanciya kuma tana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, shi ya sa ake so mara lafiya ya fara takawa da wuri.

Wasu matsalolin sai bayan watanni ko shekaru suke bayyana. Hanji na iya turowa ta kafar da ba ta haɗe sosai ba, musamman ta cibiya. Tabon ciki na iya manne hanji har ya toshe shi. Idan kuma guntun afendis da aka bari ya yi tsawo, yana iya sake kumbura, abin da kan yi wuyar ganewa saboda kowa ya ɗauka an riga an cire shi.

Alamomin komawa asibiti

Ana shawartar wanda aka yi wa aikin ya koma asibiti nan take idan ya ga zazzaɓi, ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, amai marar tsayawa, ciki ya kumbura ya yi tauri, mugunya daga rauni, kumburin ƙafa ɗaya, ko wahalar numfashi.