Farashin hatsi a jadawalin intanet: daga kasuwar Maraɗi zuwa allon salula

Tun shekarar 1989 ƙasar Nijar ke da ma'aikatar da aikinta shi ne bin farashin cimaka kasuwa-kasuwa. An kafa ta ne a ƙarƙashin ofishin OPVN mai kula da rumbunan tsimi na ƙasa, daga baya kuma aka san ta da sunan SIMA. Ma'aikatanta sukan shiga kasuwa ranar cinta, su tambayi kuɗin hatsi da dawa da masara da wake da shinkafa, su rubuta, su aika Yamai. Shekara da shekaru waɗannan alƙaluma a takarda suke fita, ko kuwa a ji su ta rediyo. Wanda ya so ya san yadda buhun hatsi ya kasance a Maraɗi shekara biyar baya, sai ya samu mai ajiyar takardun, ya zauna ya yi ta buɗa su ɗaya bayan ɗaya.

Yau al'amarin ya sake. Bayan tsadar abinci da ta game duniya a 2007 da 2008, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta buɗe wani shafi a intanet inda take tara farashin kasuwannin ƙasashe da dama, kuma kasuwar Maraɗi tana ciki. Hukumar PAM mai raba cimaka ita ma tana da nata. Ɗalibi ko ɗan kasuwa da ke zaune a unguwar Zariya ta birnin Maraɗi, in dai yana da salula mai shiga intanet, yana iya ganin abin da a da sai manyan ofisoshi ke gani.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. A can nesa akwai babbar kwamfuta wadda ke riƙe da rumbun bayanai, inda aka zuba kowane farashi a layinsa na kwance: sunan kasuwa, irin hatsi, ma'auni, kuɗi, da kwanan wata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa layin tsaye. Wannan tsari na ajiye bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna, wani masani na kamfanin IBM mai suna Edgar Codd ne ya shimfiɗa ƙa'idarsa a 1970. Abin da shafin intanet ke yi shi ne ya ɗebo wani yanki na rumbun ya nuna. Idan mai nema ya rubuta sunan kasuwa a ɗan akwatin bincike, sai a tace masa layukan da suka dace, a ɓoye sauran. Idan ya taɓa kan layin kuɗi, sai jadawalin ya jeru daga mafi arha zuwa mafi tsada. Ya sake taɓawa, ya juya. Da yake layukan kan kai dubbai, masu hikima daga cikin maginan shafuka ba su turo su gaba ɗaya, sai goma-goma ko ashirin da biyar-biyar, ita babbar kwamfutar ce ke yin tacewa da jerawa a can. Ga mutumin ƙauye mai sayen kuɗin intanet na dala ashirin, a inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, wannan bambanci shi ne tsakanin shafin da zai buɗe da wanda ba zai taɓa buɗewa ba.

Mutanen jihar Maraɗi ba su bukatar a gaya musu muhimmancin sanin farashi da wuri. Bayan ƙarancin ruwa da farar dango na 2004, kuɗin hatsi ya yi ta hawa har a tsakiyar daminar 2005 buhu mai kilo 100 ya kusa jika 30 a wasu kasuwanni. Hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu, yara kuwa suka cika gidajen jinyar tamowa a jihar da ake kira rumbun ƙasa. Masu nazarin wannan shekara sun nuna cewa tsadar da aka yi a arewacin Nijeriya tana daga cikin abin da ya janye hatsi zuwa kudu. Jadawalin da zai aje farashin Maraɗi kusa da na Jibiya da na kasuwar Dawanau ta Kano, wata bayan wata, yana nuna irin wannan ja tun kafin rumbuna su ƙare. Haka nan wata mai bincike daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar salula ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wannan fa kiran waya ne kawai tsakanin 'yan kasuwa.

Sai dai kwamfuta abin da aka zuba mata take mayarwa, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Matsala ta farko sunaye ne. Garin da ke kudu da Maraɗi cikin gundumar Madarunfa, wanda ya shahara da noman rani da zogale, Bahaushe Jiratawa yake ce masa. A takardun hukuma kuwa za a same shi Djiratawa a nan, Djirataoua a can. Manomin da ya rubuta sunan garinsu yadda aka koya masa a ajin yaƙi da jahilci, akwatin bincike zai ce masa babu. Birnin Sarkin Gobir, Tsibiri ne a bakin mutanensa, Tibiri a takarda. Ga kuma wani Tibirin a jihar Dosso, ɗaruruwan kilomita daga nan. In ba a ware layin jiha da na gunduma ba, ko aka ba kowace kasuwa lambarta da ba ta canjawa, sai farashin garuruwa biyu ya cakuɗe ba wanda ya lura. Ita kanta unguwar Zariya, wanda ya nemi sunanta a intanet birnin Zazzau za a fara kawo masa.

Baƙaƙe masu lanƙwasa su ma da tasu rigima. In aka bar kwamfuta ta jera sunaye bisa lambobin da take ba haruffa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk bayan z suke faɗawa, sai a ga Ɗan Isa a can ƙarshen jadawali bayan Zinder. Maganin yana nan, domin ƙungiyar Unicode ta riga ta tanadi ƙa'idar jera baƙaƙen Hausa. Sai dai maginin shafi ya san da ita, ya kuma kunna ta. Bincike mai kyau kuwa shi ne wanda zai karɓi Dan Issa da Ɗan Isa ya kai mai nema wuri ɗaya.

Ta fuskar lissafi kuskuren ya fi ɓoyuwa. Idan aka shigar da kuɗi a matsayin rubutu maimakon lamba, kwamfuta baƙin farko kawai take fara dubawa, saboda haka, a misali, 9500 zai zo bayan 25000, don tara ta fi biyu. Ma'aikacin da ya yi lakwal a Nijar yakan rubuta 25.000 ko ya bar fili tsakani, takwaransa na Katsina ya rubuta 25,000, na'urar kuma tana iya ɗaukar ɗayansu a matsayin 25 kacal. Makon da ba a je kasuwa ba, in aka cika gurbinsa da sifiri maimakon a bar shi fayau, wannan kasuwa ce za ta hau kan jerin masu arha, wani ya ɗauki hayar mota ya nufe ta.

Ga kuma ma'auni. Jadawali da kilo yake magana, kasuwa da tiya. Ana lissafa tiyar hatsi wajen kilo biyu da rabi, amma kowace mai awo ta san tiyar wannan kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba, kuma tozon da ake yi wa kwano lokacin kaka ba shi ne na watan Yuli ba. Farashin da manomi ya sayar a ƙauye, da na sari, da na awo a birni, abu uku ne dabam. Jadawalin da ya haɗa su a layi ɗaya yaudara yake yi ko da kowace lamba a cikinsa gaskiya ce. Kwatanta Maraɗi da Kano kuma sai da canjin ranar, domin sefa tana ɗaure da yuro tun 1999, naira kuwa hawa da sauka take yi. Rufe iyaka da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma daga 2023 zuwa farkon 2024, ya bar alama a farashi wadda ba mai gane ta sai wanda ya san tarihin watannin.

Akwai wata tambaya da ta wuce ta fasaha: a hannun wa rumbun yake? A ƙarshen Janairun 2025 shafin FEWS NET, tsarin gargaɗin yunwa da Amurka ta kafa a 1985, ya rufe na tsawon watanni kafin a sake buɗe shi, masu dogaro da shi suka wayi gari ba abin dubawa. Shi ya sa ɗan maɓallin nan na sauke jadawali zuwa kwamfutar mutum, wanda da yawa ba su kula da shi, ya cancanci a nuna wa kowane ɗalibin aikin gona na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da kowane sakataren ƙungiyar manoma. Su kuma shafukan manyan hukumomin duniya, da Faransanci ko Ingilishi ake samun su, alhali mafi yawan masu awo da masu noman jihar Hausa suke ji. Kalmomin da ke kan irin wannan jadawali ba su da yawa: kasuwa, hatsi, dawa, wake, buhu, tiya, kuɗi, wata. Fassara su aikin yini ɗaya ne ga ma'aikaci guda.