Kaset ɗin Shata da na tsinta a kwallar Kaka



Makon jiya na tsinci wani kaset a kwallar kakata a Yakasai. Wasan Mamman Shata ne a gidan biki, wani ɗan kallo ya naɗa da rikodarsa. Shata ya rasu a 1999, kuma waƙar da ya yi nan take a irin wannan taro, wataƙila babu kwafinta sai wannan.

Matsalar dai sauti ce. Kaset yana da wannan "shuu" ɗin nasa. Sannan idan batirin rikoda ya yi sanyi lokacin naɗa, zaren a hankali yake tafiya, to yau in ka kunna sai murya ta sirance, kiɗa ya yi gudu. Da manhaja irin Audacity ana daidaita gudun, a rage shuu ɗin.

Amma fa a kula. Da na matsa tacewa, sai kalangu ya koma kamar a cikin ruwa ake kaɗa shi, guɗar mata ta dusashe. Alhali hayaniyar nan ita ce shaidar an yi taron.

A Amurka, mawaƙan Grateful Dead sun ware wa 'yan kallo masu naɗa wurinsu tun 1984, yau dubban wasanninsu na Internet Archive. Mu namu zafi da ƙura na cinye su.

Don Allah, in ka samu kaset, fara kwafe shi a WAV ba tare da gyara ba, ka adana. Gyaran sai a kan kwafi na biyu.

Wa ke da irinsa a gida? Ku faɗa mana.