Sa Hannun Gwani ko Aikin Ɗan Jabu? Yadda Kimiyya ke Tantance Kayan Tarihin Wasanni

Duk wanda ya san Kakuri, a kudancin Kogin Kaduna, ya san ta da masaƙu, ko da yake yawancinsu sun durƙushe. Abin da matasa da dama ba su sani ba shi ne, a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta masaƙar UNTL marigayi Rashidi Yekini ya fara fitowa fili. Shi ne ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a Gasar Cin Kofin Duniya, a karawarta da Bulgeriya ranar 21 ga Yuni, 1994, ya kuma rasu a 2012. To, a ce yau wani ya fito da riga mai lamba 9 ɗauke da sa hannu, ya rantse cewa Yekini ne ya sa, ya nemi kuɗi masu tsoka. Mai sa hannun dai ba ya duniya balle a tambaye shi. Ta yaya za a gane gaskiya?

Tambayar tana da nauyi, domin a kasuwannin gwanjo na Turai da Amurka irin waɗannan kaya sun zama dukiya. A watan Mayu na 2022 kamfanin Sotheby's ya sayar da rigar da Diego Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na 1986 a kan fam miliyan 7.1. Ɗan wasan Ingila Steve Hodge ne ya karɓe ta a musayar riga bayan an tashi. Kafin a kammala gwanjon sai ’yar Maradona, Dalma, ta ce wannan rigar ta rabin lokaci na farko ce, alhali kuwa ƙwallayen nan biyu da suka shahara, har da wanda ya tura da hannu, duk bayan hutun rabin lokaci aka ci su. Kamfanin ya kafa hujja da binciken da ƙwararru suka yi, inda suka gwada rigar da hotunan wasan. Abin da ya taimaka musu shi ne cikin gaggawa aka sayo rigunan a birnin Meziko, aka ɗinka musu tambari, aka manna lambobi da dutsen guga. Saboda haka kowace riga ta fito da ’yar karkatarta, kamar yadda zanen yatsan wani ba ya zama na wani.

Shi kuwa sa hannu, sirrinsa a ƙwaƙwalwa yake. Idan mutum ya maimaita wani motsi sau dubbai, sassan ƙwaƙwalwar da ke daidaita motsi, musamman ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, sukan adana tsarin motsin gaba ɗayansa. Daga nan hannu yakan zuba sa hannun cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da ido ya yi masa jagora ba, kamar dai yadda ƙafar mai keke ke juya feda yana hira. Ɗan jabu ba shi da wannan ajiya a kansa. Zane yake yi, yana duban samfuri yana jan alƙalami a hankali, yana gyara hanya. Idan aka sa aikinsa ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, sai a ga layin yana rawa, a ga inda alƙalami ya tsaya tawada ta taru, a ga inda aka ɗaga shi aka sake ɗorawa a tsakiyar harafi. Farko da ƙarshen layi kan fito da kauri, saɓanin na ainihi da kan sirance saboda hannu yana cikin tafiya lokacin da alƙalami ya sauka, yana kuma cikin tafiya lokacin da ya tashi.

Akwai wani abin mamaki a nan. Babu mutumin da ke sa hannu sau biyu su fito daidai-wa-daida, domin tsoka da jijiya ba inji ba ne. Idan aka ɗora sa hannu biyu, ɗaya bisa ɗaya, suka haɗu cif ba ragi ba ƙari, to lalle an kwafi ɗayansu, ko kuma na’ura ce ta rubuta su duka. Shi ya sa mai bincike ke neman samfura masu yawa na shekarun da ake magana a kai, tun da tsufa da ciwo kan sauya hannu, haka ma rubutu a tsaye a kan yadi mai santsi cikin turmutsutsun jama’a. Dole a faɗi gaskiya, wannan fanni ra’ayin gwani ne, kuma gwanaye kan saɓa wa juna.

Hujjar da ta fi yanke gardama ita ce ta kayan da kansu. Kamfanin Adidas ne ya yi rigunan da Nijeriya ta sa a gasar 1994, don haka rigar da ke ɗauke da tambarin Nike ba ta shiga fili a wasan Bulgeriya ba, komai rantsuwar mai ita. Haka nan sa hannun Yekini a kan rigar Nijeriya ta 2018 ƙarya ce tsagwaronta, tun da shekara shida ke nan da rasuwarsa kafin ta fito. Zare ma yana ba da shaida. Kowane silin auduga ƙwayar halitta ɗaya ce tak da ta tsiro daga jikin angurya, kuma a madubi yakan fito a baje yana murɗewa kamar ƙyalle, shi kuwa zaren roba sumul yake kamar sanda. Tawada ita ma ana warware ta. Ɗalibi na iya gwadawa a aji: ya ɗiga tawadar baƙin alƙalamin maka, irin wadda ruwa ke narkarwa, kusa da gindin takardar tace ruwa, ya tsoma bakin takardar cikin ruwa kaɗan ba tare da ruwan ya taɓa ɗigon ba. Yayin da ruwa ke hawa, sai baƙin ya rarrabu zuwa launuka daban-daban, kowanne da nisan tafiyarsa. Alƙaluma biyu da ido ke gani iri ɗaya sau da yawa kan ba da jerin launuka mabambanta.

Mai saye kan ce ai an ba shi takardar shaida. Hukumar FBI ta Amurka ta nuna raunin wannan dogaro a binciken da ta kira Operation Bullpen. A watan Oktoba na 1999 jami’anta suka kai samame kan wani gungu da ke da cibiya a jihar Kalifoniya, suka kwashe jabun kaya na miliyoyin daloli. Gwanin zanen gungun, Greg Marino, har sa hannun Uwargida Teresa ta Kalkata ya ƙirƙira a kan ƙwallon wasan besbol. Kayan nan kuwa da takardun shaidarsu suke shiga kasuwa, domin masu bayar da takardun ma da su aka haɗa baki.

Wannan ne ya buɗe wa ilimin halittu ƙofa. A Wasannin Olamfik na Sidni a 2000, an gauraya tawadar da aka yi wa kayan tunawa alama da wani yanki na sinadarin gado, wato DNA, wanda aka samo daga jikin wani ɗan wasan Ostareliya da aka ɓoye sunansa. Sinadarin an gina shi ne da tubala iri huɗu da ake yi wa laƙabi da A, C, G da T. Jeri mai tubala 20 kacal ana iya tsara shi ta hanyoyi fiye da tiriliyan ɗaya, saboda haka ɗan jabu ba zai dace da shi ta hanyar canki-canka ba. Idan gardama ta taso, sai a lakato ɗan tawadar, a ninka sinadarin sau miliyoyi da dabarar PCR, wadda ta sa Kary Mullis ya sami kyautar Nobel a 1993, a karanta jerin.

Sai dai alamar tana amfani ne kawai ga kayan da aka shafa wa ita a gaban shaidu tun farko. Gumin ɗan wasa da ke jikin tsohuwar riga kuwa ba abin dogaro ba ne sosai, domin wanki da zafi da laima suna ragargaza sinadarin, ga kuma hannayen mutane barkatai da suka taɓa ta. Ko an sami na ɗan wasan, iyakar abin da ya nuna shi ne ya taɓa rigar, bai faɗi ranar da ya sa ta ba. Don haka rigar da aka ce ta Yekini ce, sai an bi sawunta hannu zuwa hannu: wa ya karɓa daga gare shi, a ina, a wace shekara, da kuma ko akwai hoton ranar da za a gwada ɗinkinta da shi.