Ƙwallon yara: abin da Koriya ta tsara, mu muka bar wa sa'a

A watan Nuwamba na 2025 aka yi gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Katar, aka faɗaɗa ta har ƙasashe 48 suka samu shiga, goma daga cikinsu na Afirka, amma Nijeriya, wadda ta ɗauki wannan kofi a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, abin da babu ƙasar da ta taɓa yi, ba ta cikin waɗanda suka halarta. Koriya ta Kudu tana can. Duk wanda ya kira wannan tsautsayi ya manta cewa ba mu je ta 2017 ba, ba mu je ta 2023 ba, kuma abin da ya maimaitu sau uku cikin shekara takwas ya fita daga babin ƙaddara ya shiga babin gafala.

Masu cika gidajen kallo a Ikara da Makarfi da Hunkuyi ba su manta ranar 4 ga Yuni 2023 ba, lokacin da yaranmu 'yan ƙasa da shekara 20 na koci Ladan Bosso, waɗanda suka doke Italiya, suka kuma fitar da Ajantina a gidanta da ƙwallayen Ibrahim Muhammad da Rilwanu Sarki, suka gamu da Koriya a gasar cin kofin duniya ta rukuninsu. Yaranmu suka riƙe ƙwallo, suka yi ta kai farmaki har lokaci ya cika babu ci, sai a ƙarin lokaci aka bugo kwana, Choi Seok-hyun ya sa kai, magana ta ƙare. Mutane suka ce sa'a ce. Alhali kuwa ƙasar da ta zo ta biyu a wannan gasa a Poland a 2019, inda aka zaɓi Lee Kang-in gwarzon gasa, sa'an nan ta sake kaiwa wasan kusa da na ƙarshe bayan shekara huɗu da wasu yara dabam, lalle akwai wani nizami da yake fitar da su.

Nizamin kuwa, a fahimtata, shi ne sun ɗaura ƙwallo a jikin makaranta. Tun 2009 hukumar ƙwallon Koriya, tare da ma'aikatar ilimi, ta kafa gasar ƙarshen mako ta makarantun firamare da na sakandare, domin yaro ya zauna aji a ranakun karatu, ya buga wasa idan mako ya ƙare, a madadin a kwashe shi daga aji a kai shi gasa mai nisa. Manyan kulob-kulob ɗinsu kowanne yana da makarantar da yake renon 'yan wasa a cikinta, kamar yadda Ulsan take da sakandaren Hyundai, Suwon take da ta Maetan, kuma daga 2013 aka wajabta musu sanya matasa cikin jerin 'yan wasa. Fa'idar wannan tadbiri ita ce yaron da ya kai shekara 17 a can yana da tarihi a rubuce: an san ranar haihuwarsa, an san malaminsa, an san wasa nawa ya buga da inda yake da rauni. Son Heung-min ma daga sakandare hukumar ta ɗauke shi ta tura Hamburg a 2008.

Idan muka dawo gida, jihar Kaduna ba ta taɓa rashin iri ba, domin ita ta haifi Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, kuma filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi gasar duniya ta matasa a 1999 da 2009. Amma yaron da yake buga ƙwallo da la'asar a filin firamare a Paki ko Gubuchi ko Likoro, bayan ya dawo daga gonar tumatir ko yankan rake, mafi yawan abin da yake samu shi ne gasar unguwa-unguwa ta bikin salla, ko kofin da ɗan siyasa ya sa idan zaɓe ya matso, wanda ake gamawa cikin 'yan makonni, a raba kyauta, a watse, ba tare da an rubuta sunan kowa ko shekarunsa ba. Manomin rake na Makarfi ya san cewa wanda ya dasa ya tafi, bai yi ban-ruwa ba, bai yi noma ba, ba shi da hujjar zargin ƙasa ranar sara. Mu kuwa haka muke yi da yaranmu, mu dawo bayan shekara biyu muna neman kofi.

Illar rashin rubutu ta bayyana a 2016, lokacin da gwajin ƙashi na na'urar MRI ya fitar da yara 26 daga sansanin 'yan ƙasa da shekara 17, jim kaɗan kuma Nijar ta kore mu daga wasannin share fage. Wata illar, wadda ta fi wannan ciwo, ita ce yaron da ba ya ƙarƙashin makaranta ko kulob mai rajista yakan faɗa hannun dillali, iyaye su sayar da gona ko shanun huɗa a biya kuɗin tafiya, daga bisani a ji shi a wata ƙasa ba wasa ba karatu.

Akwai masu cewa Koriya ƙasa ce mai arziki, kwatanta ta da mu zalunci ne. Gaskiya ne ba mu da dukiyarsu, kuma makarantar da rufinta yake yoyo tana da buƙatar da ta gabaci raga. Sai dai littafin rajista da jadawalin wasa ba su ne suke cin kuɗi ba, kuma abin da ake kashewa a kofi ɗaya na siyasa zai iya ɗaukar gasar makarantu na zango guda. Uzurin da na fi girmamawa shi ne na iyaye da malamai masu tsoron ƙwallo ta raba yaro da karatu da sallar magariba, domin sun ga ta yi hakan. Maganinsa shi ne a sa ta ƙarƙashin idon malami, a sharɗanta cewa wanda ba ya zuwa aji ba zai sa riga ba.

Hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, waɗanda suke maƙwabtan juna, suna da ikon haɗa gasa ɗaya ta makarantu da za a riƙa bugawa duk yammacin Alhamis, ranar da makarantun allo ma suke hutu, a tashi kafin kiran salla, a ajiye sunan kowane yaro da shekarar shigarsa aji ɗaya, a miƙa kwafi ga hukumar ƙwallon jiha a Kaduna a ƙarshen kowace shekarar karatu.